Ranar Da Mai Gadin Na'ura Ya Yi Tuntuɓe

Da asubahin ranar Jumma'a, 19 ga watan Yuli na shekarar 2024, wajen ƙarfe biyar da minti tara agogon Nijeriya, wani kamfanin tsaron kwamfuta na ƙasar Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan ƙaramin gyara ta intanet, irin wanda ya saba aikawa a kai a kai ba tare da kowa ya kula ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi sai ga allunan kwamfutoci a ƙasashe daban-daban sun rikiɗe sun koma shuɗi, aiki ya tsaya cik. In an kashe na'ura an sāke kunnawa, sai ta taso kamar za ta yi aiki, sa'an nan ta sāke faɗuwa.

A birnin Berlin aka dakatar da tashin jiragen sama. A Indiya ma'aikatan filin jirgi suka koma rubuta wa fasinjoji takardar shiga jirgi da hannu. A Ingila likitocin unguwa suka kāsa buɗe bayanan marasa lafiya, gidan talabijin na Sky News kuma ya ɗauke na wani lokaci. Kamfanin jiragen sama na Delta a Amurka shi kaɗai ya soke tashin jirgi kimanin 7,000 cikin kwana biyar. Daga baya kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8 da rabi masu aiki da Windows ne abin ya shafa.

Ba ɓarayi ne suka yi wannan aika-aika ba, ba kuma abokan gāba ba. Wata manhaja ce ta nemi karanta wani wuri a cikin ma'ajiyar kwamfuta wanda ba ta da ikon karantawa. Abin mamaki kuwa shi ne, irin wannan kuskure yana aukuwa kullum a wayoyi da kwamfutocin jama'a, amma iyakarsa manhajar da ta yi laifin ta rufe kanta, mai ita ya yi tsaki ya sāke buɗewa. To me ya sa na ran nan ya kā da na'urar gaba ɗaya? Amsar tana cikin wata dabara da ta haura shekara sittin da ƙirƙirowa, wadda kusan kowace kwamfuta da kowace wayar zamani ke tsaye a kanta.

BAƘI DA YAWA, RUMBU ƊAYA

Kowace kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai faifai, inda hotuna da takardu suke zaune ko an kashe wuta. Yana da faɗi amma yana da nawa. Akwai kuma ma'ajiyar aiki, wadda masu sayar da waya ke kira ram; tana da sauri ƙwarai, amma ba ta da yawa, kuma da an ɗauke wuta abin da ke cikinta ya tafi. Farosesa, watau ɗan guntun nan da ke yin lissafin duka, ba ya aiki da kome sai abin da aka kawo masa cikin ma'ajiyar aiki. An kasa wannan ma'ajiya ƙanana-ƙananan ma'auni da ake kira bayit, kowane bayit da lambarsa, wadda ita ce adireshinsa.

Matsalar ita ce manhajoji da yawa ne suke buƙatar wannan ma'ajiya a lokaci guda: ta banki, ta hira, ta kallon bidiyo, da wasu da dama da mai wayar bai ma san suna aiki ba. In aka bar kowace ta shiga ta ɗebi wuri da kanta, to ɗaya za ta rubuta a kan kayan ɗaya, ko da gangan ko bisa kuskure, mai mugun nufi kuma za ta leƙa lambar sirrin bankin mutum ba mai hana ta.

Mai karatu ya ɗauka ga wani fatoma da fatake suka sauka gidansa, kowa da huhun goronsa. Fatoman nan ya kafa doka cewa ba baƙon da zai taka ƙofar rumbu. Kowane falke zai ƙidaya kayansa daga ɗaya, ya ce huhuna na ɗaya, na biyu, na uku, fatoma kuwa ya buɗe wa kowa littafinsa dabam, inda ya rubuta ainihin lungun da kowane huhu yake. In falke ya ce a kawo masa na uku, sai a duba littafinsa a ɗauko. Huhu na uku na wannan baƙo dabam, na uku na wancan dabam, alhali lambar ɗaya ce. Ba yadda falke zai nemi kayan ɗan'uwansa, domin ba shi da ko sunan da zai kira su da shi, tun da ba sa cikin littafinsa. In kuma rumbu ya cika, fatoma ya kwashe kayan da aka daɗe ba a tambaya ba ya kai su wani sito a bayan gari, mai kaya bai sani ba, sai dai ya ga ran da ya nema an ɗan daɗe kafin a kawo.

Fatoman kwamfuta shi ne wani sashe na babbar manhaja, irin su Windows da Android, wanda Turawa suka raɗa wa sunan da ke nufin ƙwayar da ke cikin ƙwallo, kamar ta kwakwar manja. A nan za a kira shi cibiya. Lambobin da manhajoji ke amfani da su adireshin aro ne, waɗanda ke jikin ma'ajiyar kuma su ne adireshin ainihi, littafin da ke haɗa su kuwa shi ne rajistar shafuka.

ASALIN DABARAR A MANCHESTA

A shekarun 1950, mai tsara manhaja shi ne fatoman kansa. In aikinsa ya fi ƙarfin ma'ajiyar na'ura, dole ya zauna ya yayyanka shi gunduwa-gunduwa, ya rubuta umurnin lokacin da za a ɗauko wannan a mai da wancan. Aiki ne mai cin rai da yawan kuskure, kuma da an sāke na'ura sai a sāke lissafin daga farko.

A Jami'ar Manchesta ta ƙasar Ingila ne wata ƙungiyar injiniyoyi a ƙarƙashin Tom Kilburn, tare da kamfanin Ferranti, suka ɗauke wa mutane wannan wahala sa'ad da suka ƙera kwamfutar da ake kira Atlas, wadda aka ƙaddamar ranar 7 ga Disamba, 1962. Ma'ajiyar aikinta an yi ta ne da ƙananan zobba na maganaɗisu da aka saƙa da waya, tana ɗaukar kalma 16,384. Kalma a nan ma'auni ce daidai da bayit 6, watau dai duk ma'ajiyar ba ta kai girman hoto ɗaya na wayar yau ba. A bayanta akwai ganguna na maganaɗisu masu juyawa, waɗanda ke ɗaukar kalma 98,304. Amma duk da haka mai tsara manhaja yana iya rubuta adireshi har sama da miliyan ɗaya, kamar dai ma'ajiya guda ce shimfiɗaɗɗiya.

Ga yadda suka yi. Suka kasa ajiyar kashi-kashi, kowane kashi kalma 512, suka kira shi shafi. Ma'ajiyar aiki tana da gurbin shafi 32, kowane gurbi kuma aka ba shi wata 'yar ma'ajiya da ke riƙe da lambar shafin da ke zaune a cikinsa a lokacin. In manhaja ta nemi wani adireshi, sai na'ura ta gwada lambar shafin da duka 32 ɗin nan gaba ɗaya. In ta dace da ɗaya, aiki ya ci gaba. In ba ta dace ba, sai na'ura ta dakatar da manhajar, ta kira wata manhaja mai kula da gida, wadda ita ce kakar cibiyoyin yau, ita kuma ta ɗauko shafin daga ganga. Har wa yau suka sa mata wata dabara ta lura da shafukan da ake yawan taɓawa da waɗanda aka yi watsi da su, don ta san wanda ya kamata ta fitar in wuri ya ƙure. Atlas tana cikin kwamfutocin da suka fi sauri a duniya a zamaninta, har ana cewa in ta tsaya, rabin ƙarfin lissafin Biritaniya ya tsaya.

Ba nan da nan duniya ta rungumi wannan dabara ba. Kwamfutocin farko da suka kwaikwaye ta sun riƙa faɗa wa wata cuta: in aka cika musu aiki, sai su shagala da kai shafi da ɗauko shafi, aikin ainihi ya tsaya. Cikin 1968 wani masani ɗan Amurka, Peter Denning, ya bayyana dalili. Ya nuna cewa kowace manhaja, a kowane ɗan lokaci, wasu 'yan shafuka kawai take jujjuyawa. In aka tabbatar waɗannan suna cikin ma'ajiyar aiki, kome zai tafi daidai, in kuwa aka gaza, gara a dakatar da wata manhajar ɗungum da a bar kowa cikin ƙunci. Cikin 1969 masu binciken kamfanin IBM a ƙarƙashin David Sayre suka gwada, suka ga na'ura ta fi gwanayen mutane iya wannan rabo. Cikin 1972 IBM ya sa dabarar a manyan kwamfutocinsa na System/370, cikin 1985 kuma kamfanin Intel ya fito da farosesa 80386, wanda ya kawo tsarin shafuka cikin kwamfutar kan tebur. A kan wannan farosesa ne wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta cibiyar Linux cikin 1991, wadda a kanta aka gina Android.

TAFINTA DA RAJISTA

A yawancin na'urorin yau girman shafi bayit 4,096 ne. Wayar da ke da ram gigabayit 4 ke nan tana da gurbin shafi 1,048,576. Aikin fassara kuwa an raba shi biyu: cibiya ce ke rubuta rajista, amma mai karanta ta wani sashe ne a jikin farosesa kansa, wanda za a iya kira tafinta. Dalili kuwa, farosesa yana taɓa ma'ajiya sau miliyoyi masu yawa cikin daƙiƙa guda, in da za a jira cibiya ta fassara kowane adireshi da kanta, da ba a gama kome ba.

In manhaja ta ambaci adireshi, tafinta yakan raba shi biyu. Ƙarshen lambar yana nuna matsayin bayit ɗin a cikin shafi, wannan ba a taɓa shi. Farkon lambar shi ne lambar shafi, shi ake fassarawa zuwa lambar gurbi. Amma fa adireshin aro da kwamfutar zamani ke ba kowace manhaja yana da faɗi na fitar hankali, domin a tsarin da aka fi amfani da shi a farosesan Intel da AMD jimillarsa ta kai terabayit 256. In da za a buɗe layi guda a rajista saboda kowane shafi, rajistar kanta ta fi ƙarfin ma'ajiyar. Saboda haka aka yi ta hawa huɗu, kamar yadda ake neman mutum a birni: a fara da unguwa, sa'an nan layi, sa'an nan gida, sa'an nan ɗaki. Kowane hawa jadawali ne mai layi 512, kowane layi yana nuna jadawalin da ke ƙasa da shi, unguwar da ba kowa a cikinta kuwa ba a ɓata takarda a kanta.

Wannan ma yana da tsadarsa, domin ke nan kafin a ɗauko abu ɗaya sai an yi tambaya huɗu. Don haka tafinta yana da wani ɗan allon tuni a kusa da shi, inda yake riƙe fassarar da ya yi kwanan nan, daga 'yan gommai zuwa 'yan dubbai. Da yake manhajoji sun fi zagaya wurare kaɗan, kamar yadda Denning ya nuna, galibin lokaci amsar tana kan allon.

Kowace manhaja da rajistarta. Sa'ad da cibiya za ta karɓi farosesa daga wannan manhaja ta ba wancan, abin da takan yi sau da yawa cikin daƙiƙa guda, sai ta nuna wa tafinta wata rajistar. Nan take duk adireshi ya sāke ma'ana. Adireshi na 50,000 a manhajar banki da adireshi na 50,000 a manhajar wasa suna kaiwa gurbi biyu da ba abin da ya haɗa su. In kuma akwai abin da manhajoji da yawa ke buƙata iri ɗaya, kamar umurnin zana haruffa a kan allo, cibiya takan ajiye kwafi guda ta rubuta shi a rajistar kowa, da sharaɗin a karanta kawai.

CIGIYAR SHAFI

Wani lokaci tafinta yakan duba rajista ya tarar an rubuta cewa shafin ba ya nan. A nan sai ya tsai da manhajar a daidai inda take, ya kai cigiya wurin cibiya, ya gaya mata adireshin da aka nema da abin da aka so yi da shi. Cibiya ta duba nata bayanan. In shafin halaliyar manhajar ne, sai dai yana kan faifai ko ba a taɓa ba shi gurbi ba, sai ta nemo gurbi, ta cika shi, ta gyara rajista, ta ce manhaja ta ci gaba daga umurnin da ta tsaya. Manhajar ba za ta san an yi kome ba. Hasali ma cibiya takan yi wa manhajoji alkawarin wuri fiye da abin da ke hannunta, ba ta bayarwa sai ran da aka zo taɓawa, domin ta san da yawa ba za su taɓa duk abin da suka roƙa ba.

In gurabe suka ƙare, dole a fitar da wani. Tafinta yana sa alama a kan duk shafin da aka taɓa, da wata alamar a kan wanda aka yi wa rubutu, cibiya kuwa da waɗannan alamu take gane wanda aka daɗe ba a nema ba. Wanda ba a canza kome a cikinsa ba a zubar da shi kawai, tun da asalinsa yana kan faifai. Wanda aka canza sai an kwafe shi tukuna. Ɗauko shafi daga faifan zamani yakan fi ɗauko shi daga ram daɗewa sau ɗaruruwa, daga tsohon faifai mai juyawa kuwa sau dubbai masu yawa. Wannan ne sanadin nawar da kwamfuta ke yi in an buɗe abubuwa fiye da ƙarfinta.

A wayoyin Android an fi bin wata hanya. Cibiya takan matse shafukan da ba a amfani da su ta ajiye su a wani lungu na ram ɗin, in abin ya ci tura kuma sai a rufe manhajojin da ke bayan fage ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa mai ƙaramar waya yakan bar abin da yake rubutawa ya leƙa wani wuri, in ya dawo ya tarar manhajar ta fara daga farko. Haka kuma mai sayen waya zai so ya san cewa in ya ga an rubuta ram 4 da ƙarin 4 a jikin kwali, na biyun nan wuri ne aka aro daga ma'ajiyar hotuna, irin siton bayan garin nan na fatoma. Yana da amfaninsa, amma saurinsa bai kama ƙafar na farkon ba.

ALAMUN IZINI

A kowane layi na rajista, baya ga lambar gurbi, akwai wasu alamu da ke faɗin abin da aka halatta. Ɗaya tana cewa ko ana iya rubutu a shafin ko karatu kawai. Wata tana cewa ko ana iya ɗaukar abin da ke cikinsa a matsayin umurni a zartar. Wannan ta biyun kāriya ce daga ɓarnar masu kutse, waɗanda suka gano cewa in suka cusa wa manhaja rubutu fiye da wurin da ta tanada, sai rarar ta malala, a cikinta kuwa sun ɓoye umurninsu. Da irin wannan hanya, tare da wasu, tsutsar Morris ta bi kwamfutoci dubbai a Amurka cikin Nuwamban 1988. Kamfanin AMD ya sa alamar hana zartarwa a farosesansa cikin 2003, Windows XP ta fara aiki da ita cikin 2004. Daɗin daɗawa, cibiyoyin yau sukan sauya wa kayan manhaja mazauni duk sa'ad da aka buɗe ta, don ɓarawo ya rasa inda zai dosa.

Alamar da ta fi duka nauyi ita ce mai raba shafukan cibiya da na sauran manhajoji. Farosesa yana da matsayi biyu, na mai gida da na baƙo. In yana aikin manhaja ta yau da kullum yana matsayin baƙo ne: ba ya iya taɓa shafukan cibiya, ba ya iya gyara rajista, ba ya iya magana da faifai kai tsaye. Duk abin da manhaja ke so na irin wannan sai ta roƙa ta wata ƙofa da aka keɓe, farosesa ya koma matsayin mai gida, cibiya ta duba roƙon ta biya ko ta hana.

To in manhaja ta nemi adireshin da ba ya cikin rabonta, ko ta so rubutu inda aka ce karatu kawai, cigiyar da tafinta zai kai ta zama ƙara. Hukuncin cibiya a nan gajere ne: ta rufe manhajar, ta karɓe gurabenta, sauran su ci gaba da harkarsu. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

KATANGAR TA TSAGE

Shekaru da dama ana ganin katangar nan ba ta da kafa, sai a farkon Janairun 2018 aka bayyana wata ɓaraka da aka sa wa suna Meltdown. Waɗanda suka gano ta, kowa ta hanyarsa, sun haɗa da Jann Horn na kamfanin Google, da masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Graz a ƙasar Ostiriya, da na wani kamfanin Jamus mai suna Cyberus Technology.

Don neman sauri, an saba rubuta shafukan cibiya a cikin rajistar kowace manhaja, a dogara da alamar nan ita kaɗai ta hana baƙo taɓawa. Farosesan zamani kuwa yana da gaggawa, yakan fara aikin gaba kafin ya tabbatar da na baya, in ya ga ya yi kuskure ya warware. Sai aka gano cewa yawancin farosesan Intel da aka ƙera tun daga tsakiyar shekarun 1990 sukan ɗauko abin da aka hana, su fara aiki da shi, kafin hukuncin hani ya iso. Ko da yake sukan zubar da sakamakon, sawun aikin yakan rage a wata ƙaramar ma'ajiya ta kusa da farosesa, mai wayo kuma yana iya auna lokacin da abubuwa ke ɗauka ya karanta sawun nan, ya tsinci sirrin cibiya bayit bayan bayit. Maganin da aka yi shi ne raba rajista biyu, a cire kusan duk shafukan cibiya daga wadda baƙo ke amfani da ita. Wannan ya rage wa wasu ayyuka sauri, amma ba yadda za a yi, har sai da aka fito da sababbin farosesa da aka gyara tun daga masana'anta.

IN MAI GIDA YA YI KUSKURE

Yanzu mai karatu zai iya gane abin da ya auku ran 19 ga Yuli. Manhajar CrowdStrike, mai suna Falcon, aikinta farautar masu kutse ne, don ta ga kome kuma aka ba wani sashenta mazauni a cikin cibiyar Windows kanta, tana aiki da matsayin mai gida. Bisa bayanin da kamfanin ya fitar daga baya, gyaran da aka aiko ya umurci manhajar ta duba bayani na 21 a wani jeri, alhali guda 20 kawai aka tanada. Ta miƙa hannu bayan ƙarshen jerin, ta ɗauko abin da ba shi ne ba, ta nemi wurin da ba shi da halalci. Tafinta ya yi aikinsa daidai, ya kai ƙara.

Sai dai a wannan karo wanda ake ƙara da alƙalin gida ɗaya suke. Cibiya ba ta da wata hukuma a samanta da za ta rufe ta ta bar saura. Kuma in kuskure ya auku a cikinta, ba wanda zai iya tabbatar da cewa rajista da sauran bayanan ba su gurɓace ba, in aka ci gaba kuwa ana iya rubuta shirme a kan takardun asibiti ko lissafin banki. Saboda haka aka tsara Windows ta tsai da kome da gangan, ta nuna shuɗin allo. Da yake kuma manhajar tana tashi ne tun farkon kunna na'ura, duk sa'ad da aka sāke kunnawa sai a sāke faɗawa ramin.

Kamfanin ya janye gyaran bayan minti 78, amma na'urar da ta riga ta faɗi sau da yawa ba ta iya tsayawa har ta karɓi saƙon janyewa. Dole ma'aikata suka bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, suna tā da su ta wata hanya ta musamman suna goge fayil ɗin da hannu, aikin da ya ɗauki wasu ma'aikatu kwanaki. Garin neman gira aka rasa ido. Delta ya ce asararsa ta kai dala miliyan 500, cikin Oktoban 2024 kuma ya kai CrowdStrike kotu.

Bayan wannan, CrowdStrike ya yi alkawarin zai riƙa sakin irin wannan gyara kaɗan-kaɗan, ya kuma ba abokan ciniki ikon zaɓen lokacin karɓa. Microsoft ya tara kamfanonin tsaro cikin Satumban 2024, ya ce zai samar musu hanyar yin aikinsu daga wajen cibiya. Kamfanin Apple ya riga ya kama wannan hanya tun 2019, sa'ad da ya fara fitar da manhajojin wasu kamfanoni daga cibiyar kwamfutocinsa na Mac. Masu sana'ar tsaro kuwa suna da tasu hujjar, cewa mai gadin da aka tsayar a waje ba zai ga ɓarawon da ya riga ya shiga ɗaka ba, wannan muhawara kuma ba ta ƙare ba.

Darasin da ke ciki ya shafi duk wata ma'aikata da ta ɗora aikinta a kan kwamfuta, banki ne ko asibiti ko hukumar jarrabawa. Dabarar da aka faro a Manchesta tana kāre manhaja daga manhaja, tana kuma kāre cibiya daga baƙi, amma ba ta da abin da za ta yi wa wanda aka riga aka shigar cikin rumbu aka danƙa masa mabuɗi. Ya kamata shugaban kowace ma'aikata ya tambayi masu kula da na'urorinsa manhajoji nawa ne ke zaune a cikin cibiya, wa ke da ikon canza su daga nesa, ko ana gwada sabon gyara a kan 'yan na'urori kaɗan kafin a sake shi ga duka, da kuma yadda za a ci gaba da biyan bukatun jama'a da takarda da alƙalami in allo ya wayi gari shuɗi.